Tiyatar Magani Mai Zafi ga Mai Ciwon Dajin Babban Hanji: Shiri, Jinya da Murmurewa

Idan likita ya shaida wa iyali cewa ciwon dajin babban hanji ya bazu a cikin ciki, ba a jimawa sai wani ya kawo labarin wata tiyata da ake yi a manyan asibitoci, wadda ake zuba wa majinyaci magani mai zafi a ciki. Sau da yawa, tun kafin a fahimci aikin, an fara shawarar sayar da gona, ko shanu, ko rumfar kasuwa, domin a tafi Misira, Indiya, Tunisiya ko Maroko. An rubuta wannan takarda ne domin 'yan kasuwa da iyalansu su san mene ne aikin, wa yake yi wa amfani, yadda ake shirya masa, da yadda ake jinya bayansa, kafin a taɓa jari.

Mene ne wannan aiki

Akwai wani siririn tantani da ya shimfiɗu a bangon ciki, ya kuma lulluɓe hanji, tumbi, hanta da saifa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ya ga irinsa a cikin dabba. Ciwon dajin babban hanji yakan huda bangon hanjin, ƙwayoyinsa su zube a kan wannan tantani, su tsiro kamar an watsa iri. Wasu tsiron ba su fi ƙwayar gero ba, wasu kuma sukan haɗe su yi curi. Maganin daji da ake sa wa mutum ta jijiya, wato kemoterafi, ba ya isa wannan tantani sosai, shi ya sa likitoci suka nemi hanyar kai maganin wurin kai tsaye.

Aikin kashi biyu ne, a rana ɗaya, majinyaci yana cikin barcin allura. A kashi na farko likitan tiyata zai buɗe ciki daga ƙasan ƙirji zuwa mara, ya cire duk wani tsiro da ido ke gani. Yakan cire sassan tantanin da suka kamu, da mayafin kitsen da ke rufe hanji, da yankin hanjin da ciwon ya ci. Wani lokaci dole a haɗa da saifa ko matsarmama, ga mata kuma mahaifa da ma'ajiyar ƙwai. A kashi na biyu sai wata na'ura ta ɗumama ruwan magani zuwa digiri 41 zuwa 43 a ma'aunin Salshiyas, ta riƙa zagaya shi cikin ciki na tsawon minti 30 zuwa 90, sannan a tsiyaye shi, a ɗinke. Magungunan da aka fi amfani da su ga dajin hanji su ne mitomaisin da okzaliplatin. Duka aikin yakan ɗauki awa 6 zuwa 12.

A takardun asibitin da ke aiki da Ingilishi za ku ga an rubuta HIPEC. A na Faransanci kuwa, kamar na Nijar, Chadi da yawancin Kamaru, CHIP ake rubutawa. Abu ɗaya ne. Wani likitan tiyata na Amurka, Paul Sugarbaker, shi ne ya yi fice wajen tsara yadda ake wannan aiki, tun daga shekarun 1980.

Kada a rikita shi da gashin da ake yi wa mai daji da na'ura, ko da wankin ciki da aka saba. Haka nan ba shi da wata dangantaka da ruwan zafi, lalas ko tsaga. Duk wanda ya ce zai yi muku irinsa a gida ko a shagon magani, to kuɗinku yake nema.

Abin da bincike ya nuna

Ruwan maganin ba ya ratsa nama fiye da milimita 2 zuwa 3. Ke nan ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani kawai yake iya kashewa. Idan aka bar curi a ciki, zafin ba zai narkar da shi ba.

A shekarar 2003 likitoci a Amsterdam ta ƙasar Holan sun buga sakamakon gwajin da suka yi a kan majinyata 105. Cikin waɗanda aka yi wa tiyata da magani mai zafi, rabinsu sun rayu fiye da wata 22, alhali cikin waɗanda aka ba kulawar da aka saba a lokacin, rabinsu wata 12 da rabi suka wuce. Wannan ya sa aikin ya yaɗu a duniya.

Daga baya an yi wani gwaji a Faransa mai suna PRODIGE 7, a kan majinyata 265, aka buga sakamakonsa a 2021. An cire wa kowannensu tsiron daji ta hanyar tiyata, sannan aka sa wa rabi okzaliplatin mai zafi na minti 30, rabi kuma ba a sa musu ba. Tsawon rayuwar ɓangarorin biyu ya zo kusan daidai, wata 41 da ɗoriya. Matsaloli masu tsanani da suka biyo baya cikin kwana 60 kuwa sun fi yawa ga waɗanda aka sa wa maganin: kashi 26 cikin ɗari, a kan kashi 15.

Darasin da ke ciki shi ne, ga dajin babban hanji, babban amfanin yana wurin cire ciwon baki ɗaya a hannun ƙwararren likita. Wasu cibiyoyi sun daina ƙara magani mai zafi, wasu kuma suna ci gaba da mitomaisin ga majinyatan da suka zaɓa. Saboda haka, idan likita ya ce zai yi tiyatar kawai ba tare da magani mai zafi ba, kada ku ɗauka an rage muku wani abu. Aikin yana ƙara wa mutane da dama kwana, wasu kaɗan sukan warke sarai, amma ga mafi yawa ciwon yakan dawo bayan wani lokaci.

Wa ya dace a yi wa

Likitoci sukan raba ciki gida 13, su ba kowane gida maki daga sifili zuwa 3 gwargwadon girman tsiron da ke wurin. Jimillar makin, wadda ake kira PCI, ba ta wuce 39. Idan ta yi ƙasa, fatan samun amfani ya fi yawa. Idan ta haura 20 a dajin hanji, yawancin likitoci ba sa ganin amfanin aikin. Haka nan ba a cika yi ba idan ciwon ya mamaye ƙaramin hanji, ko ya bazu da yawa a hanta, huhu ko ƙashi, ko kuma majinyaci ya rame har ba ya iya tashi ya yi hidimar kansa. Zuciya, huhu da ƙoda dole su kasance da ƙarfin ɗaukar aiki mai tsawo.

Hoton siti sikan ba ya nuna ƙananan tsiro duka. Don haka wasu likitoci sukan fara leƙa ciki da kyamara ta ƙaramar huda. Duk da haka, yakan faru a buɗe ciki a tarar ciwon ya wuce yadda aka zata, a rufe ba tare da an yi aikin ba. Ya kamata iyali su san da wannan tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Tambayoyi kafin a biya kuɗi

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu sai ya soka ya ga hatsin da ke ciki. To, haka ya kamata a yi a nan. Ku tambayi likitan da zai yi aikin, da bakinsa, ko da ta waya ne:

1. Manufar aikin warkarwa ce, ko ƙarin kwana, ko rage wahala?
2. Makin PCI nawa kuke hasashe, kuma kuna ganin za ku iya cire ciwon duka?
3. Irin wannan aiki nawa kuke yi a shekara?
4. Wane magani za a ɗumama, kuma me ya sa kuke ganin zai amfani wannan majinyaci?
5. Waɗanne gaɓoɓi za a iya cirewa? Za a fitar da hanji ta gefen ciki?
6. Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da sashen kulawa ta musamman, ƙarin jini, da tiyata ta biyu idan ta kama?
7. Idan ba a yi aikin ba, wane magani ya rage?

Ku aika da takardu da hotuna a duba kafin ku sayi tikiti. Ku yi hattara da dillalan asibiti waɗanda ladansu ya dogara ga zuwanku. Ku nemi ra'ayin likitan daji na biyu a asibitin koyarwa ko babban asibitin ƙasa mafi kusa da ku. Matambayi ba ya ɓata.

Wajen lissafin kuɗi, a tuna cewa bayan tiyata akwai masaukin mai jinya, abinci, magunguna, jakunkunan bayan gida, hotuna, da kemoterafi na wasu watanni. Akwai kuma wata biyu zuwa uku, ko fiye, da majinyaci ba zai zauna a kasuwa ba. Duk iyalin da ya kashe abin da ya mallaka a ranar tiyata zai rasa na jinya. A naɗa amintacce da zai riƙe rumfa da littafin bashi, a kuma daidaita maganar adashi tun da wuri.

Shirin jiki

Makonnin da suka rage kafin aiki suna da muhimmanci ƙwarai. Majinyaci ya ci abinci mai gina jiki: ƙwai, kifi, nama, wake, gyaɗa, awara, nono da madara. Idan ba ya iya ci da yawa, ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana. Ya yi tafiyar ƙafa ta kimanin minti 30 kullum, da safe ko bayan la'asar, ya kuma saba da jan numfashi mai zurfi. Mai shan sigari ko shisha ya daina aƙalla mako huɗu kafin aiki, domin taba tana hana rauni warkewa, tana kuma jawo ciwon huhu. Barasa ma haka.

A gaya wa likita duk abin da ake sha: maganin hawan jini, na ciwon sukari, asfirin da sauran masu tsinka jini, da saiwa, sassaƙe ko jiƙo na gargajiya. Ba don a kunyata kowa ake tambaya ba. Wasu daga cikinsu suna sa zubar jini ko su wahalar da hanta da ƙoda. Mai sikila ko wanda ya taɓa samun matsala da allurar barci ya faɗa.

Za a auna yawan jini, aikin ƙoda da hanta, da sukari. Ku tabbatar an yi gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasashenmu, domin maganin daji yana iya tayar da shi, alhali akwai ƙwayar da ke hana hakan. A yi gwajin ƙanjamau ma. Idan asibiti na buƙatar iyali su kawo masu ba da jini, a nemo su da wuri. Wanda ke fatan haihuwa nan gaba, namiji ko mace, ya tattauna da likita kafin aiki, domin bayan an cire mahaifa ko ma'ajiyar ƙwai babu gyara. Game da lokacin daina ci da sha a jajibirin aiki, da maganin wanke hanji, a bi umarnin asibiti daidai.

Takardu da ƙetare iyaka

A tara komai a jaka ɗaya: sakamakon gwajin naman da aka yanka, faifan hotuna, bayanin tiyatar baya, da sunaye da adadin magungunan daji da aka riga aka sha. A ɗauki hoton kowace takarda a waya. Wanda ya fito daga Maraɗi ko Damagaram zuwa Kano, ko daga Najeriya zuwa ƙasar da ke aiki da Faransanci, ya nemi a fassara masa taƙaitaccen bayanin likita. A rubuta asalin sunan magani, domin sunan kamfani yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Idan ƙasar da za a je tana neman katin allurar shawara, kada a yi wa majinyaci allurar sai an tambayi likitansa. Ba a yin ta ga wanda ke kan maganin daji, kuma likita yana iya rubuta takardar uzuri. A zaɓi mai jinya ɗaya mai ƙarfi da natsuwa, wanda zai iya rubuta abin da likitoci suka faɗa.

Kwanakin asibiti

Yawanci akan fara da kwana ɗaya zuwa uku a sashen kulawa ta musamman. Iyali za su ga robobi da yawa: ta hanci zuwa tumbi, ta fitsari, ta ƙarin ruwa, da masu tsiyaye ruwa daga ciki. Kada hankali ya tashi, da ɗaiɗai ake cire su. Hanji yakan yi kwanaki bai farka ba, don haka akan fara da kurɓar ruwa, wani lokaci a ba da abinci ta jijiya. Kada a ba majinyaci kunu, fura ko rubutu a ɓoye. A fara tambayar ma'aikatan jinya.

Tun washegari za a so ya zauna, ya tashi, ya taka. Wannan yana hana ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Idan yana jin zafi ya faɗa, domin wanda ke cikin zafi ba ya iya tari ko tafiya. A kwanakin farko akwai ragowar magani a fitsari da ruwan ciki, saboda haka mai jinya ya sa safar hannu.

Zaman asibiti yakan kai mako biyu zuwa uku. Kimanin mutum ɗaya cikin uku ko huɗu yakan gamu da matsala mai tsanani, kamar yoyon ɗinkin hanji, ƙurji a cikin ciki, zubar jini, ciwon huhu, raunin ƙoda ko faɗuwar ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Akan rasa rai ma, ko da yake a cibiyoyin da suka ƙware ba a cika wuce biyar cikin ɗari ba.

Komawa gida

Kada a kama hanya sai likita ya yarda. Doguwar tafiya a mota ko jirgi tana jawo daskarewar jini, don haka a riƙa tsayawa ana takawa duk bayan awa ɗaya ko biyu. Akan ci gaba da allurar hana daskarewar jini har kwana 28 bayan aiki. A karɓi cikakken bayanin tiyata a rubuce, da lambar da za a kira, a kuma san likitan da zai karɓi majinyaci a gida tun kafin a taso.

Gajiya mai nauyi da rashin son abinci sukan ɗauki wata biyu zuwa uku, wasu kuma sai sun kusa shekara ƙarfinsu ke dawowa. Har mako shida zuwa takwas kada a ɗauki abin da ya fi kilo 5. Babu ɗaukar buhu ko jarkar ruwa, babu daka, jan guga ko tura baro, babu hawan babur a hanya mai gargada. Wanda ya yi gaggawa yana iya samun ƙaba a wurin ɗinki. A fara da abinci mai laushi kamar kunu, fate, shinkafa mai taushi, ƙwai da romo, a rage yaji da mai. Kada a sha ibufurofen, diklofenak ko tiramadol na kasuwa ba da izinin likita ba. Mai salla yana iya yi a zaune har rauni ya warke, maganar azumi kuma a tambayi likita. Masu zuwa dubiya su taƙaita zama, mai mura ko tari ya dakata tukuna.

Idan an fitar da hanji ta gefen ciki, bayan gida zai riƙa zuba a jakar da ake mannawa a fata. Ga mutane da yawa na wucin gadi ne, akan mayar bayan watanni. A koyi canza jakar kafin a bar asibiti, a tanadi ta wata biyu ko uku, a ajiye ta nesa da zafin rana. Idan ƙaramin hanji aka fitar, jiki yana asarar ruwa da gishiri da sauri, musamman a bazara. A riƙa shan ruwan gishiri da sukari na ORS, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Mai wannan jaka yana iya komawa kasuwa, ya yi tafiya, ya zauna cikin mutane. Abin da yake buƙata daga iyali shi ne sutura da ƙarfafa zuciya.

Wanda aka cire wa saifa yana buƙatar alluran rigakafin ciwon huhu da sanƙarau. Zazzaɓin cizon sauro yana yi masa tsanani fiye da sauran mutane, don haka ya kwana cikin gidan sauro kullum, ya kuma gaya wa duk likitan da ya gani cewa ba shi da saifa.

Alamomin da ba a jira da su

A garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko rawar ɗari
- ciwon ciki da ke ƙaruwa, kumburin ciki, ko amai da ba ya tsayawa
- ruwa mai wari, mugunya ko bayan gida na fita daga wurin ɗinki
- jini a bayan gida ko a cikin jaka
- kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi
- ƙarancin fitsari, jiri, ko jaka na cika da ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a rana
- jaka ta daina fitar da komai, ga ciwon ciki

Kada a ce zazzaɓin sauro ne a tsaya shan magani a gida. A je a gwada, a kuma nuna takardar tiyata.

Bibiya da sauran iyali

Bayan aiki akan riƙa gwajin jini mai suna CEA duk wata uku zuwa shida, da hoto lokaci-lokaci, har shekara biyar. Kada jin sauƙi ya sa a daina zuwa. Idan kuwa likitoci sun ce aikin bai dace ba, akwai sauran kulawa: kemoterafi ta jijiya, tiyatar buɗe hanjin da ya toshe, zuƙe ruwan ciki, da magungunan kashe zafi irin su mofin. Iyalin da suka zaɓi wannan hanya bayan sun ji shawarar likitoci ba su yi wa ɗan'uwansu rowa ba.

Iyaye, 'yan'uwa na jini da 'ya'yan mai wannan ciwo sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa. Ana ba su shawarar a leƙa babban hanjinsu da kyamara daga shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano ciwon ɗan'uwansu, duk wanda ya riga zuwa. Mutane da yawa sukan yi shekara suna shan maganin basir alhali daji ne ke zubar da jinin. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko sauyin fitar bayan gida na makonni, ko rama da ƙarancin jini ba dalili, ya je asibiti a duba shi. Dajin da aka tarar bai fita daga bangon hanji ba, sau da yawa tiyatar da ba ta kai wannan girma ba take warkar da shi.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.